Tsohon Idon Kyamara: Ina Gaskiyar Darajarsa Take?

A 'yan shekarun nan akwai abin da ke ɗaure wa mutane kai a harkar hoto. Za ka ga matashi riƙe da kyamarar zamani mai tsada, amma gilashin da ya ɗaura mata a gaba ya girmi mahaifinsa. Ƙarfe ne zalla, fentinsa ya koɗe, wani lokaci rubutun jikinsa ma da haruffan Rashanci. Ba ya saita kansa, sai an murɗa shi da hannu. Wasu na cewa ai da tsohuwar zuma ake magani, kayan da sun fi na yanzu. Wasu na cewa yayi ne kawai, zai wuce. Wasu kuma sun ji labarin miliyoyin da aka biya a wani gwanjo a Turai, sai suka ɗauka duk tsohuwar kyamarar da ke cikin akwatin kakansu dukiya ce a kwance. Kowace magana a cikin ukun nan tana da ƙamshin gaskiya, matsalar ita ce an cakuɗa su wuri guda. Tsufa daban, inganci daban, tsada kuma daban, kuma sai an raba su kafin a fahimci abin da ke faruwa.

Kalmomin da ya kamata a sani

Abin da masu sana'ar hoto ke kira lens da Turanci shi ne idon kyamara, wato bututun nan da ke gabanta mai ɗauke da jerin gilasai, shida ko bakwai ko fiye, waɗanda ke tattara haske su jefa sura a kan abin da ke cikin kyamarar. A da fim ne ke karɓar surar, a wanke shi ya zama dodon hoto. Yanzu sensa ce, wani ɗan faranti na lantarki mai mayar da haske hoto.

Saiti, wanda ake kira fokas, shi ne matsar da gilasan gaba ko baya har abin da ake ɗauka ya fito tangaran. Ido mai saitin hannu shi ne wanda mai hoto ke murɗa zobensa da yatsu har ya gamsu. Mai saita kansa kuwa yana da ɗan inji a ciki da ke yin aikin cikin ƙiftawar ido.

A jikin kowane ido akwai lambobi iri biyu. Na farko tsawonsa ne a milimita: 28 yana kwaso fili mai faɗi, 50 ya yi kusa da yadda mutum ke gani, 135 yana jawo abin da ke nesa. Na biyu girman ƙofar haske ne, wadda wasu siraran ganyayyakin ƙarfe ke buɗewa da tsukewa. Ana rubuta shi da harafin f, kuma a nan ne sababbin shiga ke rikicewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalili shi ne lambar rabawa ce: ido mai milimita 50 a f/2 faɗin ƙofarsa milimita 25 ne, a f/4 kuwa 12.5. Daga 1.4 zuwa 2, zuwa 2.8, zuwa 4, kowane taki yana rage hasken da rabi. Babbar ƙofa tana ba da damar ɗaukar hoto a wuri mai duhu, tana kuma sa bayan mutum ya yi dishi-dishi. Yanayin wannan dishi-dishin, ko laushi ne da shi ko kaushi, shi ake kira boke, kalmar Japananci da ta bazu a tsakanin masu hoto tun daga ƙarshen shekarun 1990.

Sai baki, wato mahaɗar ido da jikin kyamara. Kusan kowane kamfani da irin nasa. Adafta kuma zoben ƙarfe ne da ake sawa tsakani don a haɗa idon wani kamfani da jikin wani.

Daga Jamus zuwa Japan, ta hanyar Rasha

Yawancin tsofaffin idanun da ake tarawa a yau jikokin wasu 'yan ƙira ne da aka zana a Jamus. A kamfanin Carl Zeiss da ke garin Jena, Paul Rudolph ya zana Planar a 1896, ya zana Tessar a 1902. Willy Merté ya fito da Biotar a ƙarshen shekarun 1920, Ludwig Bertele kuma ya kawo Sonnar a farkon shekarun 1930. A garin Wetzlar, kamfanin Leitz ya fitar da kyamarar Leica ta Oskar Barnack a 1925, da idon da Max Berek ya zana, kuma ita ce ta kafa girman hoton fim na milimita 36 da 24 wanda har yau ake auna sensa da shi.

Akwai wani ci gaba da ba a cika ambata ba alhali shi ne ƙashin bayan komai. Duk fuskar gilashi da ba a shafa mata komai ba tana mayar da kimanin kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta. Idan gilasai sun yi yawa, hasken da ke yawo a tsakaninsu sai ya dusashe hoton. A 1935 Alexander Smakula, shi ma a Zeiss, ya samar da hanyar shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke rage wannan asara. Shi ne launin shuɗi ko jaja-jaja da kake gani idan ka karkata ido a haske. Daga baya aka koma shafi hawa-hawa, wanda kamfanin Asahi mai yin Pentax ya yaɗa a kasuwa a 1971, asarar ta koma ƙasa da kashi 1 a kowace fuska.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ta kwashi injuna da zane-zane da wasu ma'aikatan Zeiss a matsayin diyyar yaƙi. Kyamarar Contax ta Zeiss ta koma Kiev da sabon suna. Sonnar ya zama Jupiter, Biotar mai milimita 58 ya zama Helios-44, wanda aka fara ƙerawa a Krasnogorsk kusa da Mosko, daga baya a Valdai da Minsk, aka yi miliyoyinsa aka ɗaura wa kyamarorin Zenit. Wannan ne ya sa har yau yana cikin mafi araha.

Japan kuwa labarinta ya juya a 1950. David Douglas Duncan, mai ɗauko wa mujallar Life hotuna, yana Tokyo sai ya ga hoton da wani mai hoto, Jun Miki, ya ɗauka da idon Nikkor, ya yi mamakin kaifinsa. Ya sayi idanun Nikkor ya ɗaura wa Leicarsa, ya tafi da su yaƙin Koriya. Kafin shekarar ta ƙare jaridar New York Times ta yi rubutu a kan ingancin kayan Japan. Daga nan aka shiga zamanin da masu tarawa suka fi ƙauna: Minolta da idanunta na Rokkor, Nikon F a 1959, Pentax Spotmatic da idanun Takumar a 1964, Canon FD a 1971, Olympus OM da ƙananan idanun Zuiko a 1972. Kimanin shekara ashirin da biyar kamfanonin nan suna gasa, kowa na ƙera ido da tagulla da alminiyom, a zana lambobi a jikin ƙarfe a cika su da fenti. Shahararren hoton yarinyar Afganistan mai koren ido, wanda Steve McCurry ya ɗauka a 1984 ya fito a bangon National Geographic a watan Yunin 1985, da Nikkor mai milimita 105 aka ɗauke shi, kuma da hannu aka saita.

Yadda aka watsar da su, da abin da ya dawo da su

A wannan shekarar ta 1985 Minolta ta fitar da kyamara mai lamba 7000, wadda ta sa saitin inji ya zama ruwan dare. Don yin haka ta sauya bakinta gaba ɗaya. Canon ta bi sahu a 1987 da sabon baki mai suna EF. Nikon da Pentax sun riƙe bakinsu na da, amma masu idanun Canon FD da Minolta sun wayi gari da kayan da sababbin kyamarori ba sa karɓa. Shekara ashirin idanun nan suna zube a shagunan kayan hannu ba mai taya su.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya dawo da su ba ƙaunar tarihi ba ce da farko, lissafin tazara ne. Kowane ido an ƙera shi ne ya zauna a wata ƙayyadaddiyar tazara daga fim. Ta Nikon F milimita 46.5 ce, ta bakin nan mai murɗi kamar noti da ake kira M42 kuwa 45.46, ta Canon FD 42. Tazarar ta yi yawa haka ne saboda a cikin waɗancan kyamarorin akwai madubi da ke ɗagawa a lokacin ɗauka, kuma dole a bar masa wuri. Bakin EF yana da 44. Ke nan idon FD sai ya nutse milimita biyu a cikin jikin sabuwar kyamarar kafin ya ga abin da ke nesa, abin da ba zai yiwu ba sai an ƙara wani gilashi da ke ɓata hoton.

A 2008 Panasonic ta fitar da G1, kyamara marar madubi, mai tazarar da ba ta kai milimita 20 ba. Sony ta zo da bakin E mai 18, Fujifilm da 17.7, daga baya a 2018 Nikon Z da 16, Canon RF da 20. Tunda sabuwar tazarar ta fi duk tsofaffin gajarta, abin da ake bukata kawai bututu ne fanko da zai cike gibin. Idon Nikon F a kan Sony, alal misali, adafta mai kaurin milimita 28.5 yake so, ba gilashi, ba waya. Kyamarorin farko na wannan iri sensarsu ƙarama ce, tana yanke gefen sura, har ido mai 50 ya yi aiki kamar 75 ko 100. Da Sony A7 ta fito a 2013 da sensa daidai girman fim, sai tsohon ido ya koma ganin duniya yadda maƙerinsa ya nufa. Ga kuma taimakon da kyamarorin ke bayarwa: suna faɗaɗa sura a allo, suna kuma zana launi a gefen duk abin da ya shiga saiti. Saitin hannu a yau ya fi sauƙi a kan yadda yake a zamanin da aka ƙera idanun.

Me ake nema a cikinsu

Na farko araha. Ido mai milimita 50 da ƙofar f/1.8 ko f/2 shi ne ake sayar da kusan kowace kyamara da shi a wancan zamani, don haka yana da yawa, kuma da wuya ka sami marar kyau a cikinsu, domin a kansa kamfani ke kare sunansa.

Na biyu ƙarko. Babu inji a ciki da zai mutu, babu allon lantarki da zai ƙone, babu manhajar da za ta daina aiki. Zoben saitin yana tafiya ne a kan murɗin ƙarfe da giris, yakan zagaya rabin da'ira ko fiye, yana ba yatsu damar tsayawa daidai inda ake so. Ido mai inji idan kamfani ya daina yin kayan gyaransa, kwanansa ya kusa ƙarewa. Na hannu kuwa muddin akwai mai gyara da giris, yana nan.

Na uku shi ne wanda ake ta muhawara a kai, abin da masoya ke kira halin ido. Helios-44 yana sa ganyayen da ke bayan mutum su zama kamar suna juyawa a da'ira. Trioplan mai milimita 100 na kamfanin Meyer da ke Görlitz yana mayar da ɗigon haske kamar kumfar sabulu. Takumar yana ba da launi mai ɗumi. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: duk waɗannan, a ma'aunin maƙera, kurakurai ne da ba su iya gyarawa ba da gilashi da lissafin zamaninsu. Trioplan gilashi uku ne kacal, a kan ƙirar da Dennis Taylor ya zana a Ingila a 1893, kuma a lokacinsa ido ne na masu ƙaramin ƙarfi. Wannan bai rage masa komai ba ga wanda ke son irin surarsa. Sautin gurmi ba ya zama aibi don ba shi da tsabtar sautin piyano. Abin da bai dace ba shi ne a sayar wa mutum kuskure da sunan fifiko.

Masu fim da tashin farashi

Masu shirya fim ba su taɓa barin saitin hannu ba, domin a wurinsu matsar da saiti daga fuska zuwa fuska ɓangare ne na ba da labari. Tun a 1975 Stanley Kubrick ya yi amfani da wani idon Zeiss mai ƙofar f/0.7, wanda aka ƙera don hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauki wasu fitowa na fim ɗin Barry Lyndon da hasken kyandir. Da kyamarorin dijital suka kai kaifin da ke tona kowane ƙurji a fuskar ɗan wasa, sai masu ɗauka suka koma neman tsohon gilashi don ya tausasa surar. Idanun Canon K35 na shekarun 1970, waɗanda aka ɗauki Aliens da su a 1986, suka yi tsadar da ƙananan masu fim ba sa iya kaiwa. Sai aka waiwayi 'yan uwansu na FD, aka shiga saye. Zack Snyder ya ɗauki Army of the Dead na 2021 da idon Canon mai ƙofar f/0.95 na 1961. Greig Fraser ya yi amfani da idanun Sobiyet da kamfanin IronGlass na Yukren ya sake wa gida a wasu sassan The Batman na 2022 da kashi na biyu na Dune a 2024.

Sake gida na nufin a ciro gilasan daga tsohon bututu a dasa su a sabon jiki irin na masu fim. Duk lokacin da aka ji sunan wani ido a babban fim, ko wani mai yawan mabiya a YouTube ya yabe shi, farashinsa sai ya yi tsalle, ko da kuwa jiya ba mai kallonsa.

Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko a kan inganci ne. Masu awo suna cewa, kuma suna da gaskiya, idon zamani ya fi na da kaifi idan aka buɗe ƙofa gaba ɗaya, ya fi tsabta a kusurwoyi, ya fi jure hasken rana idan ta fuskance shi. Kwamfuta ce ke zana shi, da irin gilasan da babu su a 1970. Bambancin ya fi fitowa a idanu masu faɗi da masu zuƙowa, wato zum, inda tsofaffin da yawa ba su kai a wahala a kansu ba. Akwai kuma matsalar da fim bai sani ba: a gaban kowace sensa akwai wani gilashin kariya, kuma wasu tsofaffin idanu masu faɗi, musamman na Leica da makamantansu da ke zama dab da fim, suna jefa haske a karkace har gefen hoto ya dagule ko ya sauya launi. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa idan aka tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8, tsohon ido mai 50 yana ba da hoton da ba kowa zai bambanta da na sabo ba, kuma kaifi ba shi ne kaɗai ke sa hoto ya shiga rai ba. A ganina duka biyun daidai ne, tambayar ita ce aikin da za a yi. Mai ɗaukar hoton amarya a zaune, ko tsohon gini, ko fim da aka tsara fitowarsa, zai ji daɗin saitin hannu. Mai ɗaukar mahaya a sukuwane ranar hawan sallah, ko 'yan ƙwallo a fili, idan ya dogara da yatsunsa zai koma gida da hotuna da yawa da ba su fita ba, kuma mai biki ba ya karɓar uzuri.

Saɓani na biyu tsakanin mai tarawa ne da mai aiki. Mai aiki na ganin ajiye ido a kabad ba a ɗauka da shi zalunci ne ga kayan da kuma ga matasan da farashi ya fi ƙarfinsu. Mai tarawa na cewa ba don shi ba da an rasa tarihin abubuwa da yawa, domin shi ke bin lambar ƙira, ya gano wace shekara aka sauya gilashi, ya adana akwati da takarda. Wannan hujja tana da nauyi. Masu tarawa ne suka tabbatar, misali, cewa Super-Takumar mai 50 da f/1.4 iri biyu ne, na farko mai gilashi takwas, na baya mai bakwai. Sai dai ido ba tsabar kuɗi ba ne da za a rufe a manta. Idan ya daɗe ba a murɗa shi ba giris ɗinsa na daskarewa, kuma duhun akwati shi ne abin da fumfuna ke so.

Na uku shi ne batun jari, kuma a nan ruɗanin ya fi yawa. Gaskiya ne a watan Yunin 2022 an sayar da wata Leica a gwanjo a Wetzlar kan Yuro miliyan 14.4. Amma tana cikin samfuran gwaji na 1923 da ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma ta Barnack ce da kansa. Gaskiya ne kuma idon Noctilux na farko da Leitz ta fitar a 1966, wanda adadinsa bai kai dubu biyu ba, da Noct-Nikkor na 1977 mai gilashin da aka goge da hannu, suna da tsada sosai. Abin da ya haɗa su shi ne ƙaranci na haƙiƙa. Helios, da Takumar mai 55, da idanun 135 da kowane kamfani ya yi tuli, ba su da wannan. Farashinsu na hawa da yayi yana sauka da shi. Wanda ya tara su don riba, idan ya cire kuɗin gyara da na aikowa da na kwastan, ba lalle ya ga abin da ya sa rai ba.

Cututtukan tsohon gilashi

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kayan da ya shekara hamsin ba ya rasa tabo, abin bukata shi ne a san wanda ake zama da shi da wanda ke kashe ido. Hanyar dubawa ɗaya ce: a buɗe ƙofar gaba ɗaya, a haska tocila ta baya, a leƙa ta gaba a karkace.

'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, kusan ba ta taɓa fitowa a hoto. Ƙaramin ƙarzane a gilashin gaba ma haka, amma na gilashin baya ya fi illa. Hazo, wato farin dusashe a fuskar gilashi, yawanci tururin giris ne ya kwanta, yana kashe armashin launi, wani yana goguwa wani ba ya goguwa. Fumfuna tana fitowa kamar saƙar gizo-gizo, kuma idan ta daɗe tana cinye shafin gilashin ta bar zane na har abada. Rabuwa kuma ita ce idan gam ɗin da ya manne gilasai biyu ya saki, a ga launin bakan gizo a gefe, gyaranta na da wuya da tsada. Sai mai a kan ganyayyakin ƙofa, wanda ke sa su nauyin rufewa.

Yanayin ƙasarmu yana da hannu a nan ta fuska uku. Damina na kawo laimar da fumfuna ke tsirowa a cikinta, musamman idan an bar ido a jakar fata. Hunturu na kawo ƙura mai laushi kamar gari, wadda idan aka goge ta da gefen riga take zama kamar yashi a kan gilashi, don haka a fara hure ta da abin hura iska kafin a taɓa. Zafin bazara kuwa, musamman a cikin mota da aka rufe, yana narkar da giris ya gangara kan ganyayyaki. Ma'aji mafi dacewa shi ne akwati mai rufuwa ruf, da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima, a riƙa fito da idanun ana murɗa su suna shan iska da haske.

Akwai kuma maganar da ke tsorata mutane, cewa wasu tsofaffin idanu na fitar da tururin nukiliya. Asalinta gaskiya ne. Daga shekarun 1940 zuwa 1970 an riƙa zuba sinadarin toriyom a wasu gilasai don ƙara musu ƙarfin lanƙwasa haske. Aero-Ektar na Kodak, da Takumar mai gilashi bakwai da aka ambata, da wani tsohon Canon FD mai 35 da f/2, suna cikinsu. Alamarsu ita ce gilashin ya rine ya koma ruwan shayi, kuma hasken rana ko fitila mai irin haskenta na wanke rinin a hankali. Tururin kaɗan ne, yana raguwa sosai da an ɗan matsa, kuma ɗaukar hoto na yau da kullum bai kai abin tayar da hankali ba. Abin kiyayewa shi ne kada a fasa ko a goge irin wannan gilashi har a shaƙi garinsa, kada a manna shi a ido a yi ta leƙe, kada kuma a bar wa yara.

Jabu da cinikin biri a sama

Inda suna ke da tsada, jabu ba ya nisa. An daɗe ana ɗaukar kyamarorin FED da Zorki na Sobiyet a zana musu sunan Leica, ana ɗaukar Jupiter a sauya masa zoben gaba ya koma Sonnar na Zeiss. Akwai kuma haɗe-haɗe, a tara sassan idanu biyu ko uku da suka lalace a fitar da ɗaya mai kyan gani wanda gilasansa ba su zauna daidai ba. Ko ba jabu, idanun Sobiyet sun yi suna wajen bambanta da juna: biyu masu suna ɗaya daga masana'anta daban, ɗaya ya yi kaifi ɗaya ya yi laushi.

Yawancin cinikin yanzu ta intanet ake yi, daga Japan da Jamus da gabashin Turai, kuma mai saye daga Kano ko Yamai ko Kumasi mayar da kaya na yi masa wuya. Kalmomin yabo da dillalai ke jerawa ba su da ma'auni ɗaya. Abin dogaro shi ne hoton cikin gilashin da aka haska, da lambar ƙira a fili, da sharaɗin mayarwa a rubuce.

Abin da ka iya biyo baya

Adadin tsofaffin idanu ba ya ƙaruwa. Kowace shekara fumfuna na cin wasu, masu sake gida na kwashe mafi kyawun wasu, don haka masu tsabta daga cikin waɗanda ake rububi za su ci gaba da wuya. Amma kasuwa ta riga ta amsa ta wata hanya. Kamfanin Cosina na Japan yana ƙera sababbin idanun saitin hannu da sunan Voigtländer tun 1999. Kamfanonin Sin irin su 7Artisans da TTArtisan suna fitar da masu araha, Light Lens Lab kuma tana kwaikwayon tsofaffin ƙirar Leica gilashi da gilashi. Wanda halin sura kawai yake so, yanzu zai iya samun sa a sabon kaya. Wannan zai iya rage wa idanun da ba su da ƙaranci farashi, ya bar tsada ga waɗanda tarihinsu ake saye.

Abin da ya fi gilashi saurin ƙarewa shi ne masu gyara. Kyocera ta rufe Contax a 2005, Konica Minolta ta bar harkar kyamara a 2006, Leica ta daina layin R a 2009. Babu kamfanin da za a aika wa yawancin idanun nan, sai ɗaiɗaikun mutane da suka koyi aikin a zamanin fim, kuma shekaru sun ja musu. Aikin ba ya bukatar babban jari: 'yan sukundireba masu kyau, abin kwance zobe, giris da ya dace, ɗaki marar ƙura, da haƙurin yin alama kafin a kwance murɗi don a mayar da shi yadda yake. Matasan da ke kwance wayar hannu a kasuwanninmu suna da irin yatsun da sana'ar ke so.

A garuruwanmu ma akwai ragowar wancan zamani. Tsofaffin ɗakunan hoto da suka yi aiki da Yashica da Pentax da Zenit sun rufe ko sun koma dijital, kayansu na cikin kwali a gidajen magada, wasu na ƙarewa a hannun 'yan gwangwan a kan kuɗin ƙarfe. Yawancin idanun da ke cikin irin wannan kwali na gama-gari ne, kuɗinsu a kasuwar duniya kaɗan ne, ko da yake da adafta da ɗan gyara za su yi wa ɗalibin hoto ko mai ƙaramin fim aiki na shekaru. A ƙarƙashinsu kuma sau da yawa akwai ambulan cike da dodon hoto na bukukuwa da hawan sallah da 'yan makaranta da kasuwannin da aka rushe. Helios akwai miliyoyinsa a duniya, amma kowane dodo a cikin ambulan ɗin nan shi kaɗai ne, kuma laimar da ke cin gilashin tana cin sa fiye da haka.